Filin Lafiyarmu: Zafin fitsari kururuwa ce, kada mu toshe mata baki

  

Makon jiya, bayan an tashi daga taron asusu, wata baiwar Allah ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce, "Yaya, yau kwana huɗu ke nan, in na tsuguna fitsari kamar an zuba mini barkono. Mara ta ɗaure, kuma ina fitowa sai in ji ina son komawa, in na je ɗigo biyu ne." Na ce, me kika sha? Sai ta kwance bakin zane ta nuna mini kafso uku da ƙwayar ciwon jiki da ta saya wurin mai tebur ranar kasuwa. Ta ce, "Ai sanyi ne." Ita ta yarda in kawo zancen nan, ban da suna.

Kalmar nan "sanyi" ta zama mana buhu, kome cusa shi muke yi a ciki: ƙaiƙayi, farin ruwa, ciwon mara, zafin fitsari, har da cututtukan da ake ɗauka wajen kwanciyar aure. Alhali kowanne da sanadinsa, kowanne da maganinsa. Yau ɗaya za mu ciro daga buhun, wato ciwon mafitsara.

Mafi yawan lokaci ƙwayar cuta mai suna E. coli ke kawo shi. Gidanta hanjin mutum ne, kuma a can galibi ba ta cutar da kowa, sai ta ɓata hanya ta shiga mafitsara. Hanyar fitsarin mace gajera ce, ba ta wuce kamar santimita 4 ba, ga ta kusa da dubura, shi ya sa muka fi maza kamuwa. Likitoci sun ce kusan rabin mata sai sun yi ciwon ko sau ɗaya a rayuwa. Saboda haka ba abin kunya ba ne, ba kuma shaida ba ce cewa ke ko maigida wani ya yi abin da bai kamata ba.

To, yaya jiki ke kare kansa? Allah ya sa masa masu gadi kala uku.

Na farko fitsarin kansa. Duk sanda kika yi shi, yana wanke hanya kamar yadda ruwan sama ke share lungu.

Na biyu wani furotin ne da ƙoda ke zubawa cikin fitsari kullum, ana ce masa yuromodulin. Wasu masana biyu, Igor Tamm da Frank Horsfall, su suka bayyana shi a birnin New York na Amurka a 1950. Ƙwayar E. coli tana da wasu ƴan siraran gashi da take maƙalewa da su a bangon mafitsara, kamar ƙarangiya a bakin zane. Shi wannan furotin sai ya tare ta, ta maƙale masa a maimakon bango, fitsari ya yi waje da su gaba ɗaya.

Na uku shi ne asalin zancenmu. In ƙwayar ta tsallake waɗancan biyun ta kama bango, fatar cikin mafitsara tana gane baƙo ya shigo, nan take sai ta saki wasu ƙananan furotin da ake kira saitokin. Aikinsu kururuwa ne, irin wadda mace ke yi in ta ga ɓarawo a garke cikin dare. Ɗaya, intalukin 8, shi ke kiran fararen ƙwayoyin jini su fito daga jijiya su auka wa cutar. Wani, intalukin 6, yana kai labari sauran jiki, yana kuma cikin masu tayar da zazzaɓi. Wata likita ƴar ƙasar Suwidin, Catharina Svanborg ta jami'ar Lund, ta yi shekaru tana binciken yadda waɗannan biyun ke aiki a hanyar fitsari. Har fatar saman mafitsarar kan saɓule ta fita da ƙwayoyin da suka manne mata.

Wannan dambarwar ita ake kira kumburi. Zafin da kike ji, da matsuwar da ke mayar da ke bayan gida, da fitsarin da ya yi gurɓi-gurɓi, duk alamar ana faɗa ne a ciki. Gurɓin nan yawanci fararen ƙwayoyin jini ne da suka fita tare da cutar, kuma alamarsu ce malaman likita ke dubawa in sun tsoma ƴar takardar gwaji cikin fitsari.

Amma fa kumburi kamar wutar sassabe yake. In ta tsaya inda aka kunna ta, ta yi amfani. In ta wuce gona, sai ta ci rumbu. Idan cutar ta hau ta kai ƙoda, kuma faɗan ya daɗe, kumburin kansa yana iya bar wa ƙoda tabo, musamman ga yara ƙanana.

Mu koma kan ƙwayar ciwon jikin da ƴar uwarmu ta saya. A ƙasar Jamus an yi gwaji da mata kusan 500 masu ciwon mafitsara mara tsanani, aka fitar da sakamakon a 2015. Wasu aka ba su ibuprofen mai rage zafi da kumburi, wasu aka ba su antibiyotik mai kashe ƙwayar cuta. Kusan biyu cikin uku na masu ibuprofen sun warke ba tare da antibiyotik ba, wato jiki ya san aikinsa. Sai dai sun fi daɗewa suna shan wahala, kuma a cikinsu aka fi samun waɗanda ciwon ya hau ƙoda. Kun ga ke nan maganin zafi mai kururuwa yake lallashi, ɓarawo yana iya kasancewa cikin garke. Kafso uku na tebur kuwa, ba a san ko na wannan cutar ba ne, ba a san ranar da ya yi cikin rana ba. Ya kashe masu rauni ya bar masu taurin kai, gobe a ba ki maganin gaske ya ƙi ci.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida:

Zazzaɓi da rawar sanyi tare da zafin fitsari. Ciwo a kwiɓi ko a baya ƙasan haƙarƙari. Amai. Jini a fitsari. Zafin da ya wuce kwana biyu bai sassauta ba. Mai ciwon suga, da tsohuwar da ta rikice ba dalili, da jaririn da ke zazzaɓi aka gwada ba na sauro ba ne, su ma a duba fitsarinsu. A fara da likitar da ta fi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki asibitin Matameye, ko babban asibitin Damagaram.

Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga yaran da ke wanka a tafki, yana iya zama tsargiya. Ita tsutsa ce, maganinta daban.

Masu ciki, ku matso kusa. A lokacin ciki cutar tana iya zama cikin mafitsara shiru, babu zafi babu komi, sai ta hau ƙoda ko ta jawo naƙuda kafin lokaci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce mai ciki ta je awo sau 8, a kuma duba mata fitsari. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa awon ciki cikin abubuwan da ba a biya. In kin je, buɗe baki ki ce a gwada miki. Kada kuma mai ciki ta sha ibuprofen da kanta.

Rigakafi ya fi magani, kuma mafi arha shi ne randa. A ƙasar Bulgariya an gwada mata 140 masu yawan kamuwa da ciwon, waɗanda dama ba su cika shan ruwa ba. Rabi aka ce su ƙara lita ɗaya da rabi kullum har shekara. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna ciwon ya ragu musu da kusan rabi. Mu kuwa fa? Ranar kasuwa mace ta ƙi shan ruwa tun safe don babu inda za ta zaga, ta wuni bakin tukunyar ƙosai cikin zafin bazara tana matse fitsari. Wannan buɗe wa cuta ƙofa ne. A sha ruwa, a daina riƙe fitsari. A yi tsarki daga gaba zuwa baya. A yi fitsari bayan kwanciyar aure. Ƙunzugu a wanke shi da sabulu a shanya a rana, ba ƙarƙashin katifa ba. A kuma daina cushe-cushen haɗi a gaba da sunan gyara.

Saura magana tsakaninmu. Da na tambayi ƴar uwar nan me ya hana ta zuwa likita, cewa ta yi kunya da kuɗin mota. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, amfanin akwatin shi ne kada mace ta rasa inda za ta dafa ranar da ta matsu. Ina roƙon kowace ƙungiya a nan Yauri ta zauna a taro mai zuwa ta yanke cewa kuɗin gwajin fitsari da na magani suna cikin abin da asusun taimako ke fitarwa, kuma shugaba da ma'aji kaɗai za su ji dalili. Jaka biyu yau ta fi sayar da akuya gobe.

Ita dai ta je, an gwada, an ba ta magani na gaske, na kuma ja mata kunne ta shanye shi duka ko da ta ji sauƙi. Jiya na gan ta a rijiya tana dariya.

Mai tambaya ta ba shugabar ƙungiyarta a rubuce ko da baki, za ta iso gare ni. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a zubinmu. Sai fitowa ta gaba.