Lafiya Uwar Jiki: Allurar Insulin da Samari Masu Ɗaga Ƙarfe

Idan kina da saurayi a gida da ya shiga harkar ɗaga ƙarfe, kada ki hana shi, motsa jiki alheri ne. Abin da za ki sa wa ido shi ne abin da yake ɗura wa jikinsa don ƙwanji ya fito da wuri. A cikin masu gina jiki akwai waɗanda ke yi wa kansu allurar insulin, wadda aka tanada domin masu ciwon suga.

Insulin sinadari ne da wata gaɓa a bayan tumbi, fankiriyas, ke fitarwa. Aikinsa shi ne shigar da sukarin da ke cikin jini zuwa tsoka da hanta da kitse. An gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Masu gina jiki na yin allurar ne don ta tura abinci cikin tsoka. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, ta haramta ta ga 'yan wasa, sai mai ciwon suga da ya samu izini.

Haɗarin farko na nan take ne. Mai lafiya jikinsa na samar da insulin daidai buƙatarsa, don haka ƙari yana faɗar da sukari ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Sai gumi, da karkarwa, da bugun zuciya, da sambatu, daga nan suma. Idan abin ya same shi cikin barci, yana iya zarcewa.

Na biyu a hankali yake zuwa. Idan insulin ya daɗe da yawa a jini, jiki yakan rage jin sa, sai fankiriyas ta riƙa aiki fiye da ƙima. Wasu kuma suna haɗa shi da allurar sinadarin girma, wadda ita ma ke hana jiki jin insulin, ga lodin abinci mai zaƙi. Wannan ce hanyar da ke kaiwa ga ciwon suga nau'i na 2, musamman idan akwai shi a dangi.

Idan akwai mai ciwon suga a gidan, ki san adadin kwalaben insulin da ke cikin firji. Ki lura da sirinji a jakarsa, ko baƙi mai kauri a bayan wuyansa. Idan kin ga yana gumi yana karkarwa amma yana cikin hayyacinsa, ki ba shi cokali ɗaya na sukari a ruwa ko rabin kofin lemon kwalba, sannan ku tafi asibiti. Idan ya suma, kada ki ɗura masa komai, ki kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi, a kuma gaya wa likita gaskiyar abin da ya yi.

Ki zaunar da shi ku yi magana ba da faɗa ba, ki nemi ya je a gwada sukarinsa da safe kafin ya karya. Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.