NA'URAR DUBA IDO: KADA TA TSAYA A SHIKA KAWAI

'Yan'uwa manoma, da kaka da lokacin sussuka ne ido ya fi shan wahala. Ƙaiƙayin gero ya faɗa wa mutum, ko ganyen dawa ya shafce shi, sai ya murza ya ci gaba da aiki. Bayan kwana uku ido ya yi ja, yana ruwa, ba ya son rana. Daga nan sai a ɗiga ruwan ganye, ko nonon mace, ko a sayo magani a kemis a kasuwar Sabon Gari ba tare da kowa ya duba ba. Kafin wata ya ƙare hakiya ta rufe baƙin idon.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda asibitin ya koma a 2005, akwai wata na'ura a ɗakin likitan ido wadda aka yi ta don irin wannan. Likitoci suna ce mata silit lam. Wani likita mutumin Suwidin, Allvar Gullstrand, shi ya ƙago ta a 1911. Madubi ne mai ƙara girman abu, haɗe da fitila. Majiyyaci ya ɗora haɓarsa, ya jingina goshi, fitilar ta aika haske siriri kamar bakin reza. Hasken yana ratsa idon, sai likita ya ga sassansa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda hasken rana ta tsagar ƙofa ke nuna ƙurar ɗaki. Ba a taɓa mutum da wuƙa, ba zafi, kuma mintoci kaɗan ne.

In an sa ɗigon wani rini rawaya, aka kunna shuɗin haske, duk inda ƙaiƙayi ya karce sai ya fito kore shar. A nan ne likita zai ga ko karcewa ce kawai, ko gyambo ya fara. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Akwai maganin ɗigawa mai kwantar da jan ido nan da nan, amma in ya sami gyambon da ƙwayar cuta ta shiga, sai ya ƙara mata ƙarfi har ido ya huje. Mai kemis da tocila ba zai iya rarrabe su ba, komi kyan nufinsa.

Haka nan yana. Binciken makanta da aka yi a duk Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kusan mutum 4 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce ta makantar da fiye da kashi 40 cikin 100 nasu. Wannan makanta ce da aikin asibiti ke warkarwa. Amma binciken ya kuma nuna idanu da yawa masu yawo ƙauye-ƙauye ne suka soka musu tsinke suka ture yanar ciki, kuma wajen uku cikin huɗu na waɗannan idanu ba su gani. Hawan jinin ido kuwa ya fi muni, gama yana cin gani a ɓoye, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. A jikin wannan na'ura ake ɗaura ma'aunin da ke gane shi.

To, ga ra'ayina. Bai kamata tsohuwa daga ƙauyukan Giwa ko bayan Basawa ta nemi kuɗin mota da ɗan jagora, ta yini a layi a Shika, don duban minti biyar ba. Asibitin koyarwa na manyan ayyuka ne. Ya kamata kowane babban asibiti na ƙaramar hukuma ya sami na'urar, da ma'aikacin jinya wanda aka koya wa aiki da ita, ya riƙa tace mutane: wannan a ba shi magani ya koma gida, wancan a rubuta masa takarda zuwa Shika, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano.

Za a ce tana da tsada, ga rashin wuta. Gaskiya ne, ba ta da araha. Amma yanzu akwai ƙanana na hannu masu aiki da batir, waɗanda za su shiga jaka a ɗora bisa babur ranar kasuwa. Abin da ya fi kuɗin saye wuya shi ne kulawa: a rufe ta saboda ƙurar hunturu, a ajiye ƙwan fitila na canji, kada kuma a ɗauke ma'aikacin da ya iya ta a mayar da shi ɗakin allura.

Kwamitocin raya ƙauye su kai wannan magana gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce. Kafin a samu kuwa, wanda ƙaiƙayi ya shiga idonsa ya wanke da ruwa mai tsabta, kada ya murza. In gari ya waye yana jin zafi ko gani ya ragu, ya bar masussuka ga yara ya kama hanyar Shika ran nan.