Kemis a Matsayin Asibitin Farko: Dokar Sayar da Magani da Halin Ƙetare

Idan zazzaɓi ya kama yaro da daddare a Ƙetare, ko a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, mahaifinsa kan fara tunanin shagon kemis kafin ya tuna da asibiti. Zai bayyana ciwon da baki, mai shago ya tambaye shi nawa ke hannunsa, sannan ya yi masa haɗi gwargwadon kuɗin: ƙwaya biyu ta zazzaɓi, kafso uku, da wani abu na ƙarin jini. Awo da takardar likita ba sa shiga cinikin. Masana lafiya na kiran wannan ɗabi'a shan magani ba bisa umarnin likita ba, kuma sukan ɗora laifinta ga jahilcin jama'a. Wannan hukunci bai yi wa mutanen karkara adalci ba, domin dokar da ake zarginsu da karyawa an tsara ta ne da zaton akwai likita a kusa.

A bisa ƙa'ida, mai kemis yana da izinin sayar da ƙananan magunguna ne kawai, cikin kwalinsu na asali. Allura da magungunan kashe ƙwayoyin cuta aikin masanin harhaɗa magani ne, shi ma sai an kawo masa takardar likita. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke lura da ingancin maganin, hukumar PCN kuwa ita ke ba shaguna lasisi, kuma dokar 2022 ta ƙara mata ƙarfin hukunta masu saɓawa. Sai dai masanan harhaɗa magani sun taru ne a birane irin su Katsina da Funtuwa, inda ciniki yake. A wannan yanki kuma rashin tsaro ya ƙara nisanta jama'a da likita. Tun kafin sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, fita da dare ta zama kasada, kuma a 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Uban da ke tsoron hanya ba zai ɗauki mara lafiya a babur zuwa babban asibitin Ƙanƙara cikin duhu ba alhali ga shago a bakin kasuwa.

Uzurin mai saye bai rage haɗarin abin da ya saya ba. Kafson da aka sha kwana biyu aka daina yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ne, ya bar masu taurin kai su hayayyafa, har maganin ya daina aiki ga kowa. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki jin jiki. Nijeriya ta riga ta ɗanɗana irin wannan asara a kan kulorokwin, wanda ya daina tasiri ga zazzaɓin cizon sauro har aka sauya shi da sababbin magunguna a tsakiyar shekarun 2000. Haka kuma kafar da kafso ke fita ba takarda, ta nan kodin da taramol suka bi suka shiga hannun matasa, har gwamnati ta haramta shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a watan Mayun 2018.

Masu ra'ayin tsaurarawa na ganin rufe shagunan da suka saɓa doka ita ce mafita. Rufewa na da muhallinta, musamman ga mai sayar da jabu ko kayan maye. Amma idan aka garƙame kemis ɗin ƙauye ba tare da samar da madadinsa ba, cinikin zai koma hannun mai talla da ke yawo da magani a faranti cikin zafin rana, wanda ba shi da adireshi balle lasisi. Abin da ya fi dacewa shi ne hukuma ta amince cewa mai kemis shi ne ma'aikacin lafiya na farko da talaka ke gani, ta horar da shi, sannan ta ɗaure shi da sharuɗɗa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi gwaji kafin ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, kuma gwajin ɗigon jini na minti 15 zuwa 20 abu ne da mai kemis zai iya koya. Ya kamata sabunta lasisinsa ya rataya a kan wannan horo, da ajiye littafin abin da ya sayar, da sanin alamomin da ke wajabta tura mara lafiya asibiti nan take. Dole kuma a kula da mafarin kayan. Mayar da dillalan magani na Sabon Garin Kano zuwa cibiyar Dangwauro a 2024 mataki ne mai kyau, domin sa ido a kan rumbu guda ya fi sauƙi bisa bin dubban shaguna.

Akwai ɓangaren da ya shafi masana Hausa kai tsaye. Takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take, mai saye kuwa da launi yake gane maganin, shi ya sa ake jin “ja da yalo” a maimakon sunansa. Kalmar “sanyi” kaɗai tana ɗauke da cututtuka da dama waɗanda maganinsu ya bambanta, kamar yadda “zazzaɓi” ke rufe maleriya da taifot da wasunsu. Har yanzu babu gajeriyar kalma karɓaɓɓiya da ke raba maganin kashe ƙwayoyin cuta da mai rage raɗaɗi. Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Katsina da Kano da Zariya da Sakkwato na iya haɗa kai da masana harhaɗa magani su daidaita waɗannan kalmomi, NAFDAC kuma ta wajabta rubuta yadda ake sha da tsawon kwanaki da gargaɗi cikin Hausar boko da ajami a jikin kwali. Uwar da ta karanta da harshenta cewa sai an shanye maganin kwana biyar ko da yaro ya warware, za ta fi ƙarfin tambayar mai shago dalilin da ya sa ya ba ta na kwana biyu.