Filin Kula da Kayan Aiki: In Mota Ta Zauna, Sai a Saurari Kukanta

Kowace Lahadi motoci kat-kat suna tasowa daga kasuwar Baleyara zuwa Yamai, tafiyar kusan kilomita 100. Suna ɗauke da hatsi da tumaki da mutane.

Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya tana ɗaukar kusan tan 1, wato buhu 10 na kilo 100. In aka wuce haka, ƙarafan sifirin su miƙe, bayan mota ya zauna. Daga nan sai ƙara da karkarwa. Kowane irin kuka yana da dalilinsa.

Na ɗaya: in ana jin gurza lokacin da mota ta faɗa rami, taya ce take gugar jikin mota. A tsaya a duba. In an ga karce a gefen taya, a rage kaya nan take. Taya mai karce tana iya fashewa a guje.

Na biyu: in mota tana karkarwa daga ƙasan kujera lokacin da direba ya ba ta wuta, a duba farfela. Ita ce doguwar sandar ƙarfe mai kai ƙarfin inji zuwa ƙafafu. Da mota ta zauna, gaɓoɓinta su karkace, su cinye. A kashe inji, a sa dutse a taya, a girgiza farfela da hannu. In tana wasa, sai makaniki.

Na uku: in ana jin gurnani mai ƙaruwa da gudu, boris ɗin ƙafa ne. A kai bayan hannu kusa da tsakiyar ƙafa. In ta fi sauran zafi, akwai haɗari: ƙafa tana iya fita.

Na huɗu: in ƙarfe yana cin ƙarfe lokacin taka birki, birki ya ƙare.

Na biyar: giyar ƙafa huɗu ta rairayi da taɓo ce. Da an hau kwalta, a cire ta, don kada haƙoran giya su lalace.

Manomi ko makiyayi da ya biya kuɗin mota yana da ikon magana. In ya ji irin wannan kuka, ya ce wa direba: "Malam, don Allah tsaya mu duba." Buhu 2 da aka bari a Baleyara, wata mota za ta kawo su gobe. Wanda ƙafar mota ta fita da shi a hanya, babu mai mayar da shi ga iyalinsa.