A biya makanike kuɗin bincike kafin a aiki yaro sayen fulogi

Ranar Juma'a, tun kafin rana ta ɗaga, tsofaffin akori-kura kan yi jerin gwano a kan gadar Wudil. Wasu ɗauke da tumaki da awaki za su kara, wasu da dusa da harawa, wasu da kayan gwari. Mai kunne zai ji cewa da yawansu ba da silinda huɗu suke tafiya ba. Inji na kakkarwa, salansa na tari, direba na ƙara taka totur don motar ta ja. Misin ke nan, ciwon da ya fi kowane cin aljihun mai tsohuwar mota. Abin da ya sa yake daɗewa bai warke ba kuwa, a ganina, wata ɗabi'a ce tamu ta masu mota: ba ma biyan kuɗin bincike.

Tawa Peugeot 504 ce, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan kamfanin PAN ya fara aiki a 1975. Da ita nake ɗaukar kaya tsakanin Darki, Wudil da kasuwar 'Yankaba a Kano, da ita kuma nake ciyar da gida. Saboda haka na zauna a kan bencin gareji ya isa in san yadda cinikin yake. Idan makanike ya ɓata awa guda yana saurare, yana taɓa nan yana taɓa can, ya gano ɗan hos ne ya tsage yana shan iska, sai mai mota ya ce, "Haba Malam, ai ba ka kwance komai ba," ya miƙa masa na goro. Idan kuwa ya aiki yaro ya sayo fulogi huɗu, gobe kwayil, jibi a wanke kafireto, gata a ce sai an sauke inji, to kowane mataki da kuɗin aikinsa. Mutumin nan yana da iyali. Wace hanya muke zaton zai bi? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Alhali gano misin aiki ne mai tsari, ba duba ba ne. Silinda tana bukatar wuta a kan lokaci, mai da iska daidai gwargwado, da matsi mai ƙarfi. Ɗaya ya gaza, ta daina bugawa. Tambayar farko ita ce: silinda ɗaya ce ta mutu, ko duka ne suke rashin lafiya? A bar inji a silo, a sa filaya mai roba a hannu, a zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare inji ya ƙara rawa, tana aiki. Wadda aka zare bai ko ji a jikinsa ba, nan ɓarawon yake. Daga nan a musanya fuloginta da na maƙwabciyarta. In ciwon ya bi fulogi, magana ta ƙare da kuɗin fulogi ɗaya. In ya tsaya inda yake, a musanya waya, a duba murfin distirbita ko ya tsage, a kuma tabbata wani bai juya jerin wayoyin ba, domin a 504 da yawancin injuna masu silinda huɗu, 1-3-4-2 suke bugawa.

Fulogin kansa yana ba da shaida ga wanda ya iya karanta shi, kuma a nan ne nake gane makanike na gaske. Bakinsa ya yi baƙi ƙirin amma a bushe, mai ya yi yawa, ko filtar iska ta toshe, abin da ƙurar hunturu ke yi mana duk shekara. Ya fito jiƙe da baƙin mai, ringi ya ci ko robar bawul ta mutu. Ya yi fari fat, inji na shan iskar da ba tasa ba, ko mai ba ya isowa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ya fito tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da dauɗa: sau da yawa ruwan lagireto ne ke shiga silindar ta gasket. Dattijon da ke duba mini mota, kafin ya ce uffan, sai ya jera su huɗu a kan ƙyalle bisa tsarin da ya ciro su, ya duƙa yana kallo. Yaran yanzu da yawa zuba su suke yi wuri ɗaya, shaidar ta ɓace.

Mai mota ma yana da nasa aikin, wato ya zo da labari cikakke. "Tana misin" bai isa ba. Yaushe take yi? Idan da safe ne a damina kuma ta daina in ta yi zafi, raɓa ce a murfin distirbita ko wayoyi sun tsufa. A buɗe bonet cikin duhu, wani lokaci da ido za a ga wuta na tsalle. Idan sai an yi lodi an kama hanyar Kano take shaƙewa, a tuhumi kwayil, ko tazarar bakin fulogi ta buɗe, ko kwantak ya ƙone, ko famfon mai ya gaji. Idan a silo kaɗai take rawa, ta daidaita in an ba ta wuta, a nemi inda iska ke kutsawa ko bawul ɗin da ya ƙone.

Sai mai. Wanda ya sha a galan a bakin hanya, misin ya fara bayan nan, kada ya taɓa sifana tukuna. Ya tsiyayi kaɗan a farar kwalba ya ajiye. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa a gan shi. Ba a wurin 'yan bumburutu kaɗai gurɓataccen mai ke fitowa ba: a Fabrairun 2022 NNPC da kansa ya bayyana cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, motoci da dama suka lalace a Legas da Abuja.

Inda nake jayayya da makanikai kuwa shi ne sauke inji ba tare da awon matsi ba. Agogon awon nan ƙaramin abu ne, ana ɗaura shi a ramin fulogi a buga sitata. Silindar da ta nuna ƙasa, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a sake gwadawa. Ya hau, ringi ne. Bai motsa ba, bawul ne, aikin kan inji kawai. Biyu da ke jere suka faɗi tare, gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Wani lokaci ma saitin bawul ne ya matse, rabin awa ya wadatar. Garejin da ba shi da wannan agogo bai kamata ya yanke wa mutum hukuncin sayen ringi da fistin a kasuwar Ƙofar Ruwa ba.

Wani zai ce ai zamani ya wuce nan, yanzu kwamfuta ake jona wa mota. Gaskiya ne ga motocin da suka zo da wurin jonawa, wanda Amurka ta wajabta tun 1996. Tawa da ire-irenta masu kafireto ba su da shi. Ko a sabuwar Hilux ma, in na'ura ta nuna P0302, abin da ta faɗa kawai shi ne silinda ta biyu na misin. Dalilin, sai mutum ya nemo.

Masu cewa "bari dai a ci kasuwar yau tukuna" su ma ina ji musu, amma lissafinsu bai fita ba. Silindar da ta mutu ba ta daina shan mai. Tana zuƙa ta fitar da shi ɗanye ta salansa, sauran ya wanke baƙin man jikin silinda ya gangara ƙasa ya tsinka shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, babu mai akori-kurar da zai iya ɗaukar wannan asara ya ga riba.

Abin da nake roƙo ba shi da wuya. Ƙungiyar makanikai ta NATA da shugabannin direbobi a Wudil su zauna su tsayar da kuɗin bincike sananne, a biya shi ko an kwance ƙusa ko ba a kwance ba, shi kuma makanike ya nuna wa mai mota silindar da ta mutu da dalilinta kafin a sayi komai. Garin nan yana da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu ake kira Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, da sashen injiniya a cikinta. Ina fata malamanta su shirya wa yaran gareji horo na 'yan kwanaki da Hausa, kan karanta fulogi da awon matsi, kowanne ya tafi da agogonsa.