A daina shafa ma ƙotar wuƙa baƙin mai



Duk wanda ya zagaya rumfunan maƙera a kasuwar Madawa ko Buza ko Tamaske, zai ga wuƙaƙe iri biyu. Waɗansu ƙotarsu na ƙyalli da fenti na kanti. Waɗansu kuwa baƙi ƙirin, an tsoma su cikin baƙin mai, wato man da aka juye daga injin mota ko injin ban ruwa. A ganinmu duka biyun ba su dace da wuƙar da ke taɓa abinci ba.

Mu fara da baƙin mai, don shi ya fi muni. Masu yi suna cewa kyauta ne, kuma yana hana gara. Gaskiya ne. Amma man nan ya yi wata da watanni cikin inji, ya kwashi tsakin ƙarfe da ƙunar fetur. Likitoci sun tabbatar yawan taɓa shi yana ɓata fata, har yana iya kawo ciwon daji. Ice kuwa yana shan mai, in ya ji zafin rana ko gumin hannu sai ya riƙa fiddo shi. Hannun da ya riƙe ƙota shi ne ke riƙe nama ranar Layya, shi ne ke riƙe albasa a fadamar Tarka, shi ne ke kai loma baki. Mai son tsare dirkar rumbu daga gara, wannan wata magana ce. Wuƙar mahauci da ta uwargida a raba su da shi.

Fenti shi kuma ruɗin ido ne. Bisa ice yake tsayawa, ba ya shiga ciki. Ice na kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, fenti kuwa ba ya bin shi, sai ya tsattsage. Ruwa da jini su shiga ta tsagar, su kasa fita. Ga santsi in hannu na da kitse. Wuƙa mai kaifi da ƙota mai santsi, kowa ya san inda ake ƙarewa: asibiti.

Abin da ya dace yana kusa da mu. Man aduwa, wanda mata ke fitarwa daga ƙwallon, ana cin shi, kuma aduwa ba ta da wuya a Adar. Akwai man kaɗe da ake kawowa daga kudu, wajen Gaya da Nijeriya. A sami kakin zuma wurin masu sai da zuma, a narka kashi 1 na kaki cikin kashi 4 na mai bisa wuta kaɗan. A kankare ƙota da fasasshiyar kwalba har ta yi sumul, a aje ta rana ta yi ɗumi, a shafa, a bari ta sha. Gobe a sake, jibi a sake, a goge da tsumma sai hannu ya daina jin maiƙo. Kada a manta bakin ƙota inda ƙarfe ya shiga, nan ne tsagewa ke farawa. In hunturu ya kama a ƙara shafawa sau ɗaya.

Man gyaɗa fa? In babu wani, a yi da shi kaɗan, amma yana yin wari in ya daɗe, ga ɓera da tururuwa. Man bedi na korar ƙwari, sai dai ɗacinsa na bin nama. A bar ma ƙotar kalme da gatari.

Maƙeri zai ce mai saye ƙyalli yake so. To, mai saye shi ne ku. In kuka riƙa tambaya me aka shafa, kuka shinshina ƙota kafin ciniki, maƙeri zai canza.

Akwai kuma zancen icen kansa. Ƙirya, wadda ke da ƙarfi ƙwarai wurin ƙota, ta yi ƙaranci. Mutanen Majiya sun fara dashen layukan bedi na tare iska a 1975, na Keita sun shiga babban aikin gyaran ƙasa a 1984, sun san wahalar raya ice guda. Ƙotar da ta tsage bana, wani reshe za a sara a maye ta. Wadda ta sha mai da kaki kuwa, sau da yawa ƙarfen ke ƙarewa da wasawa ita tana nan.