Ki ce mata ta fara da zaure

 

Yau a kan wayarki zan yi magana, amma ki kwantar da hankalinki, ba faɗa na zo yi ba. In kina da 'ya mai shekara 9 zuwa 13, da wuya a rasa ɗaya daga wasannin nan na rayuwar gida a cikin wayar, waɗanda ake ƙirƙirar mutane, a raɗa musu suna, a yi musu muhalli, su ci, su kwanta, su tafi aiki. Akwai The Sims FreePlay, akwai Toca Boca World, akwai Minecraft da maza suka fi so, ga kuma Hay Day na gona wanda wasunmu manya ke taɓawa bayan yara sun yi barci. Ki zauna kusa da ita wata rana ki lura. Za ta ɓata lokaci tana sauya wa mutanenta kaya da kitso, amma da an zo wajen gini sai ta ja baya. Ko ta zauna a gidan da wasan ya ba ta ba tare da ta matsar da ko kujera ba, ko ta dame ki da roƙon a saya mata ginanne. In kin ce ta gina nata, amsar ɗaya ce: "Mama, ban iya ba."

Wannan "ban iya ba" ɗin ita ta dame ni, ba gidan cikin waya ba. A wurin aikinmu na jinya ina ganin ƙanwarta: ɗaliba ta haddace komai a littafi, amma a ce ta shirya tiren wanke ciwo da kanta sai hannu ya ɗauki rawa, tana jiran wani ya fara. Tsoron farawa tun ana ƙanana ake koyonsa, kuma a wasa ya fi sauƙin cirewa, inda kuskure ba ya jawo wa kowa asara.

Abin mamaki, gini shi ne asalin wasan. Will Wright, wanda ya ƙirƙiro The Sims, gidansa ya ƙone ƙurmus a gobarar Oakland ta ƙasar Amurka a 1991. Sake haɗa kayan gida ɗaya bayan ɗaya yana cikin abin da ya sa shi tunanin wasan, wanda ya fito a shekarar 2000. Da farko ma tsara gida ne manufar, mutanen an zuba su ne don a ga ko gidan ya zaunu. Ashe yarinyar da ke gudun gini ta bar tuwon tana lasar miya.

To me ke korar ta? Fili fetal yana da ban tsoro, wannan kowa ya sani. Sannan ga bidiyoyin YouTube da TikTok, inda ake nuna katafaren bene ya tashi cikin minti biyu. Ba ta san cewa manya ne suka yi awoyi a kan kwamfuta, da kayan da suka saya da kuɗi, sannan aka ƙara wa bidiyon sauri ba. Ta dubi nata ɗaki mai kusurwa huɗu, sai ta raina kanta.

Amma a ganina babban dalilin shi ne gidan ba namu ba ne. Ki duba gidajen da ke zuwa da waɗannan wasanni: ƙofa na kallon titi kai tsaye, ciyawa a gaba, babu katanga, kicin a cikin falo, ga murhun jin ɗumi a jikin bango. Yarinyar da ta tashi a Malumfashi ba ta taɓa kwana a irin wannan gida ba. Ba ta san inda baƙo namiji zai tsaya ya yi sallama ba, ba ta ga inda za a shanya masara ko a kafa turmi ba. An ce ta tsara rayuwar da ba ta sani ba, dole ta tsaya tana kallo. Ko ke aka ba wa, sai kin yi jim.

Nan ne ke uwa kika fi duk wani mai bidiyo. Sau nawa kika je jere? Kin san yadda ake shiga ɗakin amarya babu komai sai fenti, a tsaya a ƙofa a ƙare masa kallo, a ce gado nan, sif can, madubi kada ya tare taga. A ja, a mayar, a yi musu, wata ta ce labulen bai hau da kafet ba, a sauke a sake. Iyayenmu sun yi da kwalla da tasa da langa, an jera su har rufi, mu muka zo muka yi da shokes da dinasèt. Babu wadda ta taɓa zuwa makarantar jere, kuma babu wadda ta ce ba za ta taɓa ba don kada ta ɓata. Wannan ilimin shi 'yarki ke buƙata, ba ta dai san kina da shi ba.

Saboda haka ki ce mata ta gina gidanku, ko gidan kakarta na ƙauye. Ta fara da zaure: ɗaki ɗaya, ƙofa biyu da ba sa kallon juna, don wanda ke waje kada ya hango cikin gida. Ki tambaye ta dalilin da ya sa aka yi haka, ki ji me za ta ce. Daga nan katanga, sai a bar tsakiya a buɗe a matsayin tsakar gida, ɗakuna su kewaye shi. Madafi a gefe inda hayaƙi ba zai shiga ɗaki ba, banɗaki can ƙurya nesa da rijiya. Wannan na ƙarshen, a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina so kowane yaro ya san dalilinsa, domin yawancin gudawa da amai da muke fama da su da damina daga haɗuwar masai da ruwan sha suke. Kin ga darasin tsafta ya shiga ba tare da wa'azi ba.

Ba za ta samu randa ko rumbu a jerin kayan wasan ba. Kada wannan ya tsayar da ita. Tukunyar fure ta zama randa, ƙaramin kafet ya zama darduma, benci ya zama dakali. Yara sun fi mu iya wannan, su da ke mayar da murfin kwalba faranti a wasan tuwon ƙasa. Masu Minecraft kuwa sun yi sa'a: tun 2022 aka saka laka a wasan. Ana zuba ruwa a ƙasa ta zama laka, a haɗa ta da alkama ta yi ƙarfi, sannan a yi bulo da ita. Duk wanda ya ga magina na kwaɓa ƙasa da ciyawa suna tattakawa kafin a yi tubali ya san wannan aikin. Ɗanki zai iya ɗaga soro har da zankwaye a kusurwoyi. In kun je Katsina ki nuna masa hasumiyar Gobarau, ki ce masa ƙasa ce, ya gwada tasa.

Ɗaki ɗaya a zama ɗaya ya isa. Kuma don Allah in ta kawo miki ta nuna, kada ki karɓi wayar ki gyara mata. Na san hannu na ƙaiƙayi in an ga gado ya tare ƙofa. Ki tambaye ta kawai, "To ta ina mai ɗakin za ta shiga?" Ta gano da kanta, ta matsar. In ta zaɓi bango shuɗi da labule ja, ki bar ta, ɗakinta ne. Yaron da duk abin da ya yi sai an sake masa, shi ne gobe zai ce bai iya ba. In kuma 'yan'uwanta na kusa, a raba aiki, wannan ya yi katanga, waccan ta yi jere. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma rigimar "ni zan riƙe" tana raguwa.

Akwai maganar kuɗi. Yawancin wasannin nan kyauta ake sauke su, ribar kamfanin tana wajen sayar da ginannun gidaje da kayan ado. Yarinyar da ta yarda ba ta iya ba, ita ce kasuwarsu. Ki shiga saitin Play Store ki sa sai an nemi lambar sirri kafin a sayi komai, musamman in katin bankinki na haɗe da wayar. Ki kuma sani The Sims ba na ƙanana ba ne, akwai soyayya da sutura da ba irin tarbiyyarmu ba, don haka ki duba shekarun da aka rubuta a jikin kowane wasa kafin a sauke. Duk wasan da ake hira da baƙi a cikinsa, irin Roblox, sai kina kusa. Ƙananan ƙannenta kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ita ma babbar, a yanka mata lokaci, bayan Islamiyya da aikin gida, a kuma ajiye wayar kafin lokacin barci.

Ranar da babu wuta ko data ta ƙare, aikin bai tsaya ba. Ki ba ta takarda da fensir ta zana inda ɗaki na gaba zai zauna. Ko kuma, in kaka ce karan dawa ya wadata, ki bar su su ɓare shi su yi gado da kujeru irin waɗanda muka yi wa 'yar tsana, su kwaɓa laka a bayan madafi su tayar da zauren a ƙasa. Ki dai ajiye musu ruwa da sabulu a kusa kafin a zuba abincin dare.